Saƙon Godiya Bayan Taron 'Yan Ajin 1980

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yau kwana uku da watsewar taronmu, sai yanzu gajiya ta sake ni na samu na zauna. Kwamitin shirye-shirye ne ya ɗora mini rubuta wannan godiya a matsayina na sakatare, amma ko ba a ɗora mini ba da sai na rubuta, don abin da idona ya gani ranar Asabar ya fi ƙarfin in bar shi a cikina. Godiya ta tabbata ga Allah da ya ara mana rai muka ga shekara 45 da gama makaranta, ya sake haɗa fuskokinmu a harabar da muka shiga a watan Satumba na 1975, kowa da akwatin ƙarfe a ka, da bokiti da langalanga a hannu.

Muna godiya ga shugaban makaranta na yanzu da malamansa, waɗanda suka buɗe mana ƙofa tun ranar da muka fara kai musu maganar. Ɗalibai kuma, 'ya'yanmu da jikokinmu, sun yi mako guda suna share fili da zuba farar ƙasa a layukan tsere. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku ilimi mai amfani.

Babbar godiyarmu tana ga malamanmu da suka samu zuwa, musamman malaminmu na wasanni. Da muka je gida gayyatarsa, iyalansa suka ce ƙafa ta hana shi fita, ko masallacin Juma'a sai an kai shi a mota. Muka ce ba komai, albarkarsa muka zo nema. Sai ga shi ranar taro tun da hantsi, jikansa na riƙe da shi. An ajiye masa kujera a rumfa, ya ce a fara kai shi filin fayif tukuna.

Ga yaran yanzu da ba su san wasan ba: ƙwallo ce ake bugawa da tafin hannu a jikin bango, cikin wani ɗaki mai bango uku marar rufi, mutum biyu suna karawa da biyu. Daga makarantar Eton ta Ingila ya samo asali, malaman Turawa suka shigo da shi Arewa a shekarun 1920, ya samu gindin zama a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi, kuma kowa ya san yadda marigayi Sardauna Ahmadu Bello yake ƙaunarsa. Mu da ƙwallon tanis muke yi. A zamaninmu, da an idar da sallar la'asar sai ka ga layi a bakin filin, wanda ba shi da gurbi ya hau katanga yana ƙirga maki. Lokacin da muka zo duba makaranta bara, mun tarar bangon ya tsage tun daga sama har ƙasa, ciyawa ta fito a daɓen, awaki ne ke kwana a ciki. Gyaran wannan fili shi ne aikin farko da muka sa a gaba.

Malam ya tsaya a bakin filin ya daɗe bai ce komai ba. Ya shafa sabon simintin da hannu, ya bi gefen bangon da yatsa har inda ya ƙare, sannan ya ce a ba shi ƙwallo. Sau ɗaya ya buga, da hannun hagu kamar yadda ya saba, ƙwallon ta daki kusurwa ta mutu a nan, irin bugun da ya yi shekaru yana koya mana muna kasawa. Dattawa masu furfura suka ɓarke da tafi, wasu suna share ido da bakin riga. Malam, Allah ya ƙara girma, ya ƙara lafiya. Duk abin da muka kashe a wannan aiki, wannan bugu ɗaya ya biya mu.

Sai shugaban ɗalibai na shekarar da muka shiga. Ba ɗan ajinmu ba ne, ya girme mu da aji huɗu, amma mun nace sai ya zo, ya kuwa taso daga nesa ya zo. Dalilin nacewarmu shi ne Juma'ar 13 ga Fabrairu, 1976. Muna aji ɗaya, da safe labari ya shigo cewa an yi yunƙurin juyin mulki a Legas, ana ta raɗe-raɗin an harbi Janar Murtala Muhammed. Malamai duk sun taru a ofis sun kewaye rediyo. Mu ƙanana muka ruɗe, wasu na kuka, wasu sun fara ɗaure kaya za su gudu gida, alhali yawancinmu ko hanyar tasha ba mu sani ba. Wannan bawan Allah, wanda a lokacin bai wuce shekara ashirin ba, ya sa aka kaɗa ƙararrawa, ya tara firifet-firifet ɗinsa ya raba su ƙofa-ƙofa, ya sa kowane shugaban gida ya kira sunayen yaransa ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a kan dakalin ɗakin cin abinci ya ce babu wanda zai fita, abinci zai fito a kan lokacinsa, kuma duk abin da ya ji zai gaya mana da bakinsa. Haka aka yi. Da aka tabbatar da rasuwar, shi ya sanar da mu, shi ya ja mu masallaci aka yi addu'a. Ko yaro ɗaya bai ɓata ba. Yaya, ba mu taɓa yi maka godiyar wannan rana ba sai yanzu. Allah ya saka da alheri.

Na daɗe ina tunanin irin nauyin da ake ɗora wa yara a wancan zamani. Ba ƙuri'a muke jefawa ba, malamai ne ke zama su zaɓa daga 'yan aji huɗu idan 'yan aji biyar sun shiga shirin jarrabawa. Amma da zarar an kira sunanka a asambuli, makaranta ta koma hannunka daga tashi aji har wayewar gari. Akwai firifet na abinci, da na aikin gayya, da na lafiya mai kai marasa lafiya ɗakin magani, da na wasanni, da na masallaci, ga shugabannin gidaje huɗu: ja, kore, shuɗi da ɗorawa. Ni lokaci aka ba ni. Ƙararrawarmu tsohon wilin babbar mota ce da aka rataye a reshen darbejiya, ana dukanta da guntun ƙarfe. Shekara guda cur ina tashi kafin asuba da agogon da makaranta ta damƙa mini, na san idan na makara mutum ɗari da yawa sun makara. Wilin yana nan har yau. Ina godiya ga yaron da ke riƙe da wannan aiki yanzu, wanda ya miƙo mini ƙarfen ya ce, "Baba, kai za ka buɗe mana tsere."

Ba zan ce komai na tsarin daidai ne ba. An yi zalunci. Akwai siniyoyin da suka mai da gwale-gwale abin nishaɗi, su sa yaro tsallen kwaɗo a rana tsaka, ko su yanka masa filin ciyawar da ya fi ƙarfinsa a kan laifin da bai taka kara ya karya ba. Mu ma da muka hau, ba duka muka tsira daga wannan hali ba. Shi ya sa nake jinjina wa ɗan'uwanmu da ya riƙe aikin gayya a shekararmu. Ba ya cikin jerin masu jawabi, ya nemi a ba shi minti biyu. Ya ce akwai 'yan ƙasa da mu da suka zo taya mu murna, ya san ya cuci wasunsu, yana roƙon su yafe masa tun kafin a je inda ba a biya da kuɗi. Wuri ya yi tsit. Sai wani ɗan ajin 1983 ya taso daga baya ya rungume shi, ya ce, "Yaya, mun yafe duniya da lahira." Mun gode muku ku biyun.

Godiya ta musamman ga waɗanda suka tono tsofaffin takardu da hotuna aka baje su a ɗakin taro. Can muka ga littafin ƙungiyar manoma matasa. Gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, aka ce kowace makaranta ta yi gona, mu kuwa yawancinmu 'ya'yan manoma ne, fartanya ba baƙuwarmu ba ce. Muka noma masara da gyaɗa a bayan ɗakunan kwana, aka sayar, kuma a hannun ma'ajin ƙungiyar yawancinmu muka fara ganin takardar naira ashirin mai hoton Murtala, wadda ta fito a 1977. Mun ga hoton 'yan sikawut da ɗankwalinsu a wuya, da na ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ke shirya mana karatu daren Juma'a, da na 'yan wasan kwaikwayo. Su waɗannan na ƙarshe suna bin mu bashin godiya. A lokacin da ake rubuta sunan duk wanda aka kama yana Hausa a aji, su ne suke hawa dandamali daren Asabar su yi wasa da Hausa tsantsa, har firinsifal ya zo ya zauna ya yi dariya.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne littafin ƙungiyar muhawara, da rubutun hannuna a ciki. Farkon zangonmu na aji biyar ya zo daidai da miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari ranar 1 ga Oktoba, 1979. Mun dawo hutu kowa da jam'iyyar gidansu a baki, wannan NPN, wancan PRP ta Malam Aminu Kano, wani GNPP. Malamin da ke kula da ƙungiyar ya hana a ambaci sunan jam'iyya, ya ba mu batun mulkin soja da na farar hula, sannan ya sa kowa ya kare ɓangaren da bai yarda da shi ba. Mun ji haushi a ranar. Daga baya na gane a nan na fara koyon sauraron mutum har ya dire maganarsa. Wannan malami ya riga mu gidan gaskiya, ɗansa ne ya wakilce shi. Allah ya jiƙansa.

Masu ƙwallon ƙafa ba za su yafe mini ba idan na tsallake su. Kyaftin ɗinmu ya tuna mana Asabar 22 ga Maris, 1980, saura 'yan makonni mu fara jarrabawar fita. Firifet na wasanni ne ya je ya roƙi firinsifal, aka ɗauko talabijin baƙi-da-fari daga gidansa aka ɗora kan tebur biyu a ɗakin cin abinci. Najeriya ta ci Aljeriya uku da nema a Legas, Segun Odegbami ya zura biyu, Muda Lawal ɗaya, Christian Chukwu ya ɗaga kofin Afirka karo na farko a tarihin ƙasar nan. Washegari duk wanda ya samu ƙwallo a gefen dama sai ya ce shi ne Odegbami. Mun gode wa tsofaffin 'yan wasanmu da suka haɗa kuɗi suka sayi riguna da ƙwallaye da raga, da wanda ya ɗauki nauyin sabon kofin gasar gidaje ya ce kada a faɗi sunansa. Gidan kore ne ya ɗauka bana, bayan sun zo na ɗaya a gudun miƙa sanda da ja-in-ja, gidan ja kuma ya ci langa.

Ba mu manta da Baba kuku ba, wanda ya tuƙa mana gabza shekara biyar, yana ɓoye wa 'yan ƙwallo rabonsu idan sun dawo wasa da dare. Ya tsufa ƙwarai, bai iya zuwa ba, wakilanmu sun kai masa gaisuwa da ɗan abin da ya samu. Haka iyalanmu da suka kwana a kan girki, da direbobi, da masu gadi, da magina da suka yi aikin fili cikin zafin rana, da 'yan'uwa na ƙasashen waje da suka turo gudummawa ba su samu zuwa ba. Wanda na manta ban ambata ba ya gafarce ni, ba raini ba ne.

Da aka zo kiran suna daga tsohuwar rajistar aji, kamar yadda ake yi mana kowace safiya, an kira sunaye da yawa ba a amsa ba. Duk wanda aka kira aka ji shiru, sai mu haɗa baki mu ce Allah ya jiƙansa. 'Ya'yan wasunsu suna wurin, mun gode da kuka zo kuka tsaya a gurbin iyayenku, kuma ƙofar kowannenmu a buɗe take gare ku. Allah ya gafarta musu, ya kyautata namu zuwan.

Ma'aji zai tura bayanin kuɗin da aka tara da yadda aka kashe su kafin ƙarshen wata. Saura aikin rufin ɗakin karatu, za mu zauna a kansa bayan sallah. Biyu daga cikinmu da ke zaune a garin sun ɗauki alkawarin zuwa kowace Asabar da la'asar su koya wa yara fayif, Malam kuma ya ce duk ranar da ƙafa ta bar shi a zo a ɗauke shi ya gani.

Allah ya huta gajiya, ya bar zumunci.

Sakataren kwamitin shirye-shirye, a madadin 'yan ajin 1980