Mun dawo gida, godiya ga Ubangiji da ku duka

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Kristi. An sallame mu daga asibiti. Auta yana gida, jiya ya ci tuwo da hannunsa, har ya yi faɗa da yayarsa a kan kujera. Kun bi komai tun daga Kaltungo har aka tura mu Gombe, don haka ba sai na maimaita ba, ƙarfin ma babu.

Sanƙarau ne, likitoci sun tabbatar bayan sun ɗebi ruwan bayansa. Amma ni na san akwai wani yaƙin ban da na jiki, irin wanda Afisawa 6:12 ta faɗa. A daren da wuyansa ya sandare, yana fizge-fizge, bai ma gane ni ba, wata murya ta zauna mini a kunne: "Ina Allahn naki? Da yana ƙaunarki, da hakan ta faru?" Na buɗe baki in yi addu'a, kalma ɗaya ta ƙi fita. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan ciwon kansa. Da yamma kuma wani ya riga ya kira ni yana cewa jifa ne, mu cire yaron daga asibiti a kai shi ƙauye, wata kuma ta ce in bincika kaina ko akwai zunubin da na ɓoye. Abokan Ayuba ma sai da suka yi kwana 7 shiru kafin su fara irin wannan magana.

Wajen ƙarfe 2 na dare sai ga Maman Zumunta, shugabar ƙungiyar matan ikilisiya. Mama, na san za ki yi fushi da na ambace ki, ki yi haƙuri. Da ciwon gwiwarki kika shigo, zanen Zumunta a ɗaure, fulas ɗin kunu a hannu. Ba ki yi mini wa'azi ba. Kika shimfiɗa tabarma a baranda, kika ce, "'Yata, sha wannan ki kwanta. Addu'ar da kika kasa, ni zan yi." Na farka da asuba na same ki a durƙushe gefen gadonsa, hannunki a kan ƙafarsa. Tun ina yarinya na haddace cewa Allah ƙauna ne, amma a daren nan na gan shi da idona.

Baba Fasto, na gode da ka tuna mini cewa ko a kan Ayuba sai da Allah ya kafa wa Shaiɗan iyaka, ya hana shi taɓa ransa. Matasan ikilisiya da suka yi azumi da addu'ar dare, 'yan kwaya da suka tara kuɗin allurai, maƙwabcinmu Alhaji da ya ɗauke mu a motarsa ya ƙi karɓar ko na mai, nas ɗin da ta yi ta neman jijiya ba ta taɓa ɗaga murya ba: Ubangiji ya sāka muku. Ya tsare 'ya'yanku, ya hana ku kwanan asibiti, ya buɗe muku ƙofofin da ba mai rufewa. A ranar kukanku kada ku rasa mai share hawaye. Amin, amin.

Dangi kuwa, waɗanda ke nan cikin garin Gombe amma hanyar asibiti ta yi musu nisa, mun ga saƙonninku na WhatsApp. Allah ya bar zumunci.

Da sauran aiki. Kunnensa na hagu ba ya ji sosai, an ce sanƙarau kan bar haka, za mu koma a gwada. Ku ci gaba da riƙe mu. Ni dai ina tsaye a kan Romawa 8:38-39, ba mutuwa, ba rai, ba ikoki da za su raba mu da ƙaunar Allah. Ranar Lahadi mai zuwa za mu fito godiya a sujada ta farko. Ku zo ku taya mu rawa, Auta ya ce shi zai riƙe ganga.