Mofin da maƙarƙashiya: a fara maganin ciki tun ranar farko

Duk wanda likita ya ɗora a kan mofin, ko oxycodone, ko filastar fentanyl, wato magungunan kashe zafin ciwo masu ƙarfi, saboda ciwon daji ko wani ciwo mai daɗewa, ya kamata ya bar asibiti da maganin sakin ciki a hannu. Tashin zuciya da gyangyaɗin da waɗannan magunguna ke kawowa sukan lafa cikin mako guda. Maƙarƙashiya kuwa tana nan muddin ana shan maganin, domin yana rage motsin hanji, hanjin kuma ya yi ta tsotse ruwan kashi har ya bushe ya yi tauri. Shan ruwa da cin gwanda da miyar kuɓewa suna taimakawa, amma su kaɗai ba sa isa.

Da senna ake farawa, wato filasko da aka mayar ƙwaya: biyu masu 7.5 mg da dare, su yi aiki bayan awa 8 zuwa 12. Ƙwayar ta fi dafa ganyen, saboda an san awonta. In kashin yana da tauri, sai a haɗa da lactulose 15 ml safe da yamma. Shi yakan ɗauki kwana biyu kafin ya kama, yana kuma tara iska. Wanda kumburi ya dama ya koma macrogol, wani garin maganin sakin ciki, fakiti ɗaya a ruwa 125 ml. Duk sanda aka ƙara awon mofin, a sake duba awon maganin cikin.

A guji garin ispaghula irin su Fybogel. Yana ƙara wa kashi yawa a hanjin da ba ya turawa, har ya kai ga toshewa.

Kuskuren da ya fi cutar da majinyata shi ne na zawon ƙarya. Mutum ya yi kwanaki bai zaga ba, kwatsam ruwa-ruwa ya fara zubo masa, sai 'yan jinya su tsayar da senna su ba shi loperamide, maganin tsayar da zawo. Alhali busasshen kashi ne ya tokare dubura, ruwan yana bi ta gefensa. Wannan sai an duba shi, a sa masa glycerin ta ƙasa ko a ɗura masa ruwan magani ta dubura.

Kwana uku babu bayan gida, a koma wurin likita. In ga amai, ciki ya kumbura, tusa ma ba ta fita, a daina ba da maganin sakin ciki a tafi asibiti a ranar. Kada kuma a yanke mofin lokaci guda don cikin ya saki. Ciwon zai dawo, ga zufa da murɗar ciki da rawar jiki.