Garin da ƙasarsa ke kumbura

Ni dai ƙwallo kaɗai na sani game da Napoli, sai makon jiya da ƙafata ta taka Italiya. Mai masaukina, wani Bahaushen Kumasi da ya daɗe a can, ya ce, "Malam, gobe zan kai ka inda ƙasa ke numfashi." Na ɗauka zolaya ce.

Jirgin ƙasa muka hau zuwa Pozzuoli, wani gari kusa da Napoli. Mai duba tikiti ya rufe ni da faɗa wai ban saka nawa a na'ura ta buga masa hatimi ba. Ko gaisuwa babu! Namu na gida ko zai tatse ka, sai ya tambayi iyali tukuna.

A bakin teku na ga kwale-kwalen masunta can ƙasa, nesa da dakalin da ake ɗaure su. Na ce ruwa ya janye ke nan. Ashe ƙasar ce ta taso, fiye da mita ɗaya daga 2005 zuwa yau. Garin ɗungurungum yana zaune ne cikin bakin dutse mai aman wuta, Campi Flegrei, wanda rabonsa da amai tun 1538.

Sai mai masaukina ya zaro waya ya nuna mini rahoton da cibiyar Vesuvius mai sa ido kan duwatsu masu aman wuta, wadda aka kafa a 1841, ke fitarwa duk mako. Na'urori na ƙirga girgizar ƙasa, har wadda mutum ba ya ji, da zurfin inda ta taso. GPS da tauraron ɗan'adam kuma na auna kumburin, milimita bayan milimita. In girgizar ta yawaita tana matsowa sama, kumburin ya ƙara sauri, hayaƙin ya sauya, sai a ɗaga matakin gargaɗi. Tun 2012 suna kan matakin gargaɗi na ruwan ɗorawa. Tsakanin 1982 da 1984 ƙasar ta taso kusan mita biyu, aka kwashe dubban mutane.

Abin da ya ɗaure mini kai, mutanen ko a jikinsu. Ga warin ruɓaɓɓen ƙwai na busowa, su kuwa suna ta shan kofi a ƙoƙo kamar murfin kwalba, sama da yuro ɗaya. Kuɗin nan wurin mai shayinmu har da burodi da ƙwai.

Daren nan da takalmina a bakin gado na kwana. Washegari Rum, kwana biyu, ruwan sama da tsada, sai gida.