Karin Miyake a madambaci: yau dai kafaɗa ta riƙe

'Yan uwa masu koyo, ku taya ni murna. Rigar nan da na dame ku da zancenta ta fito, an wanke ta, an shanya, ta bushe, kuma karin yana nan daram tun daga wuya har ƙasa, har da kan ɗinkin kafaɗa inda ya daɗe yana ba ni ciwon kai. Wallahi da na warware takardar sai da hannuna ya yi rawa.

Ga wanda bai bi maganar tun farko ba, abin da nake ƙoƙarin kwaikwaya shi ne aikin Issey Miyake, telan nan ɗan Japan da ya rasu a Tokyo a watan Agustan 2022 yana da shekara 84. Kowa a cikinmu ya san yadda ake yi: a sayo yadin da aka riga aka yi wa ƙananan kari, a yanka, a ɗinka, ana lallaɓa shi kada karin ya buɗe a ƙarƙashin ƙafar keke. Shi kuwa sai ya juya abin. Ya fara yanka rigar da girma, ninki biyu zuwa uku na yadda za ta kasance a jiki, ya ɗinke ta tsaf, sannan a sa ta tsakanin takardu biyu a tura cikin injin zafi. Rigar da ta shiga kamar ta ƙato sai ta fito daidai jikin mutum, kuma karin ya zauna ke nan. Tun wajen 1988 ya fara gwajin, tare da Makiko Minagawa wadda ita ce ke kula masa da harkar yadi, sai a 1993 kayan suka shiga kasuwa da sunan Pleats Please.

Ni ba ni da injin, don haka tsohuwar hanyar masu yin kari na bi. Takarda mai kauri guda biyu, na ja layi da rula santimita ɗaya-ɗaya, na karya su gaba da baya, na shimfiɗa rigar a tsakani, na tattare su suka zama sanda guda, na ɗaure da tsumma, na ɗora a madambaci. Ƙananan ƙyallaye tun farko suka ba da haɗin kai. Foliyesta tana fara laushi da zarar zafi ya wuce digiri 70 ko kusa da haka, ba ta narkewa sai wajen 250, turirin ruwa kuma 100 ne, ka ga ya isa ya tanƙwara zaren ba tare da ya ƙone shi ba. Sharaɗin kawai shi ne a bar ta ta huce sarai a cikin takardar. In aka buɗe da ɗumi, karin zai saki a gaban idonka. Ni kwana nake bari ta yi.

Kafin in zo kan kafaɗa, ga wata asara da ta ci min rai. Na sayi yadi mai ruwan toka, mai kyau, mai shagon ya tabbatar min foliyesta ce zalla. Kusan naira dubu ashirin na zuba, don kun san faɗin da aikin ke ci. Ya fito daga turiri gwanin sha'awa, amma ruwa na taɓa shi sai ya miƙe kamar ba a taɓa karya shi ba. Da na ja zare na kai bakin ashana sai ya ci da wuta ya bar toka mai laushi da warin ƙonanniyar takarda, wato auduga ta fi yawa a ciki. Foliyesta ta gaske tana janyewa daga wuta, ta dunƙule ta bar ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Yanzu ashana ba ta barin jakata, kuma ba na biya sai an yanko min ɗan gefe na fita waje na gwada. Wancan yadin dai ya koma shafi na ciki.

To, kafaɗa. Jikin rigar duka yana ɗaukar kari lafiya, amma duk inda ɗinki ya ratsa, wato kafaɗa da kalmasar ƙasa, sai karin ya kumbura, ya ƙi kaifi, wani wurin ma takardar ta yage tun ina tattarewa. In aka sa rigar sai ka ga kafaɗar ta yi tudu, karin baya da na gaba ba su haɗu ba. Na ƙara lokacin turiri, ba canji. Na ƙara matse ɗaurin, takardar ta ƙara yagewa. Na bi wurin da dutsen guga bayan an sauke, sai ya bar sheƙi mara kyau a kan yadin, irin wanda ba ya fita. Akwai daren da na ajiye komai na ce wannan aikin na masu inji ne, ba namu ba.

Abin da ya dawo da ni hotunan rigunansa ne. Na buɗe su na ƙara girmansu ina bin gefe-gefe, ina neman inda ya ɓoye kaurin ɗinki, sai na ga ai kaurin ne babu. Babu shafi, babu kwala mai tauri a wuya, babu kalmasa mai ninki biyu, babu maɓallai barkatai. Yadin sirit ne, saƙar da ba ta zarewa, kuma yankan kusan shimfiɗaɗɗe ne. Ni kuwa ina ɗinka rigar yadda Anti ta koya mana a shago, da rarar inci guda a kowane ɗinki da kalmasa mai kyau, sannan ina so takarda ta karya yadi hawa huɗu zuwa shida kamar yadda take karya hawa biyu. Ɗinkin da aka koya mana daidai ne ga atamfa da shadda. Wannan aikin ne kawai ba ya ɗaukarsa.

Sai na sake yanka. Kafaɗa na haɗa ta da keken wibin kaɗai, ɗinki siriri sosai, ba tare da na bi da keken miƙe ba. Zaren ma na canza, domin na auduga nake amfani da shi a da, shi kuma turiri ba ya zaunar da shi, yana nan yana ja da baya yayin da yadin ke son karyewa. Na koma zaren foliyesta a allura da ƙasa duka. Kalmasar ƙasa na cire ta ɗungurum, na bar bakin yadda almakashi ya yanke shi tunda saƙar ba ta zarewa. Lokacin shimfiɗawa kuma na kwantar da ɗinkin kafaɗar gefe ɗaya, na bi kowane kari da bayan cokali ina danna shi cikin kwarin takardar, ɗaya bayan ɗaya, kafin in tattare. Wannan matakin kaɗai ya cinye min yamma guda, bayana har yanzu yana gaya min. Abu na ƙarshe, na naɗe murfin madambacin da tawul, don gumin da ke ɗigowa daga murfi shi ne ke jiƙa takardar daidai tsakiya ta yi laushi ta saki.

Babban madambacin biki na aro wajen maƙwabciyarmu mai abincin taro, shi ne kaɗai sandar ke shiga ba tare da an lanƙwasa ta ba, shi ma don rigar gajeriya ce. Gas ɗin da ya sha kam ba a magana.

Tun da na gane wannan nake kallon tarihin mutumin da wani ido. A da ina ɗauka sauƙin yankansa salo ne kawai. Ashe wanda ya san ɗinki mai wuya ne ya zaɓi ya bar shi. Fasahar zane-zane ya karanta a jami'ar Tama da ke Tokyo, ya gama a 1964, shekara na zagayowa ya tafi Paris ya shiga makarantar ɗinki, ya yi aiki a ƙarƙashin Guy Laroche, sannan Hubert de Givenchy, gidajen da ake ɗinka wa mace ɗaya riga ɗaya a auna ta sau da yawa. Yana can aka yi boren ɗalibai na watan Mayun 1968, abin da ya sa ya fara tunanin tufafin da jama'a da yawa za su iya sawa. Ya ɗan zauna New York wajen Geoffrey Beene, a 1970 ya koma gida ya buɗe nasa wurin, a 1973 kuma ya fara nuna kaya a Paris. Tun daga lokacin tunaninsa ɗaya ne, yadda ƙyalle guda zai rufe jiki ya bar sarari tsakaninsa da fata. Mu da muka tashi muna ganin babbar riga da zane da mayafi, wannan tunanin ba baƙo ba ne a wajenmu, shi ya sa nake ganin aikin zai karɓi matanmu in muka iya shi.

Kuma bai saki kayan ba sai da ya gwada su a jikin masu motsi. A 1991 ya yi wa 'yan rawar William Forsythe na Frankfurt a Jamus tufafi masu kari, ya ga yadda suke buɗewa su koma in an yi tsalle an juya. Ni ƙanwata na sa wa tawa, na ce ta ɗaga hannu, ta sunkuya, ta zauna a tabarma ta tashi. Kafaɗar ta buɗe ta koma wurinta. Na sa ta maimaita har ta gaji da ni.

Akwai abin da ke taɓa min zuciya a labarinsa. A Hiroshima aka haife shi a 1938, yana ɗan shekara bakwai aka jefa bam ɗin nukiliya a garin, mahaifiyarsa kuma ta rasu cikin shekara uku sakamakon gubar bam ɗin. Shekaru da yawa ba ya son a yi masa zancen, don kada a riƙa kallon aikinsa ta wannan fuskar. Sai a 2009 ya yi rubutu a jaridar New York Times yana roƙon Shugaba Obama ya ziyarci Hiroshima, ziyarar da ta tabbata a 2016. Mutumin da ya ga wannan da idonsa yana yaro, sai ga shi ya ƙare rayuwarsa yana yin tufafi marasa nauyi masu launi, waɗanda za ka cusa a jaka ka fito da su ka sa ba guga. Ina girmama shi ƙwarai.

Kada in sa ku zaci komai ya kammala. Karina bai kai nasu kaifi ba, kuma ba na jin turirin tukunya zai taɓa kamo zafin injinsu, don haka zan ci gaba da wanke rigar da ruwan sanyi in ga iya inda za ta kai. Wuyan ma bai gamshe ni ba, yana ɗan buɗewa a baya. Na so in wuce kai tsaye zuwa doguwar riga, amma tsawonta ya fi ƙarfin kowane madambaci, sai dai in kai wa mai walda ya haɗa min dogon akwatin kwano da zai zauna a bakin tukunya, kuma kuɗin da aka faɗa min ya sa na dakata tukuna. Kafin nan zan gwada hannun riga, da kari a karkace, wanda na san zai sake taso da rigimar ɗinki a hammata.

Takarda ce yanzu matsalata ta kusa. Ta buhun siminti tana jure turiri amma tana barin ƙura da ɗan launi a yadi mai haske ko an goge ta, kwalin zane na 'yan makaranta kuma yana yin laushi tun a shiga ta biyu. Duk wanda ya san inda ake samun takarda mai ruwan ƙasa ta naɗi, marar rubutu, wadda faɗinta ya kai inci talatin, don Allah ya sanar da ni, ko da za mu haɗa kuɗi ne mu sayi naɗi guda mu raba.