Yau Inna ta kai ƙarshen layinmu

Talata, Birnin Kebbi.

Da asuba na tarar da Inna ta cire takunkumin injin barcinta da kanta, tana zaune a bakin gado. Injin nan shi ke taimaka mata numfashi da dare, domin tana fama da cutar ƙarancin numfashi da ƙiba ke jawowa. Kullum abin da nake fara tambaya bayan gaisuwa shi ne ciwon kai. Yau ta ce babu, alhamdulillahi. Likita ya faɗa mana cewa ciwon kan nan na safe alama ce ta gurɓatacciyar iskar da ya kamata ta fita ta kwana a cikin jini, don haka duk ranar da ta tashi garau nakan san injin ya yi aikinsa.

Muna idar da salla muka fita, domin a wannan wata na Afrilu zafin garin nan kan wuce digiri 40, wanda bai taka da sanyin safiya ba ya haƙura sai gobe. Na maƙala mata ƙaramar na'urar auna iskar oksijin a yatsa, muka kama hanya a hankali. Likitar fisiyo, mai koya mata motsa jiki, ta ba mu ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: Inna ta yi tafiyar da za ta iya magana a cikinta. In haki ya hana ta haɗa jimla, ko lambar na'urar ta sauka ƙasa da 90, a tsaya a huta. In kuwa ta ji ciwon ƙirji ko jiri, ko leɓenta ya yi duhu, a bar komai a nufi asibiti. Shi ya sa nake jan ta da hira duk tsawon hanya, yau labarin bikin jikarta da za a yi a Argungu muka sha.

Mun tsaya a gindin dogon yaro ta yi numfashin da aka koya mata: ta shaƙa ta hanci tana ƙirga biyu, ta tsuke baki ta fitar tana ƙirga huɗu, kamar mai hura kunu mai zafi. Daga nan ta ce mu ci gaba, har muka taɓa katangar ƙarshen layi. Tun da aka fara wannan atisaye ba ta taɓa kaiwa can ba.

Abin da ke ci mini rai har yanzu shi ne shekarun da cutar ta yi tana aiki ana kiranta da wani suna. Inna na tsakiyar magana barci ya sace ta, carbi ya faɗi daga hannunta, a ce gajiya ce. Minsharinta ya cika gida, a ce gado ne. A gidan biki kuma a yi ta yaba jikin, wai hutu ya karɓi Hajiya. Sai da ƙafafunta suka kumbura aka gano cewa kitsen ciki da na ƙirji ne ya danne huhu, tantanin da ke raba ƙirji da ciki ba ya samun wurin sauka, numfashi ya zama sama-sama. Likitoci na tabbatar da ciwon ne idan ma'aunin nauyi da tsawo ya kai 30, sannan gurɓatacciyar iskar nan, kabon dayoksaid, ta haura 45 a gwajin jini alhali mutum na farke. Kusan tara cikin goma na masu shi numfashinsu na ɗaukewa a barci. In aka bar shi, zuciya ce ke biyan bashin.

Da hantsi muka yi na cikin gida: tashi da zama a kan kujera mai ƙarfi, sai ɗaga ƙananan gorunan ruwa don hannuwa. Rana kuma malmala ɗaya ta tuwon shinkafa da miyar zogale da gasasshen kifi. Lemon kwalba dai an sallame shi.

Bayan la'asar Gwaggo ta zo, ashe labarin fitarmu ya kai mata. Ko zama ba ta gama yi ba ta dube ni.

"Ke ɗiyar nan, mi ya kai ki yawo da uwarki cikin unguwa? Mace mai daraja tana haki a titi, mutane na kallo?"

Na san ƙauna ce ta sa ta faɗa, kuma na san irin wannan magana ce ke zaunar da mata da yawa a ɗaki har ƙafa ta mutu. Kafin in buɗe baki Inna ta riga ni.

"Yaya, yau a tsaye na yi azahar, raka'a huɗu. Yaushe rabona?"

Gwaggo ta yi shiru, can ta tambaya ko tafiyar na taimakon ciwon gwiwa.

Ba na ruɗin kaina cewa tafiya kaɗai za ta warkar da ita. A 2019 ƙungiyar likitocin huhu ta Amurka ta ce sai mutum ya zubar da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na nauyinsa kafin ciwon ya sake shi, wannan kuwa doguwar tafiya ce, injin barci na nan daram a halin yanzu. Mintuna 150 na motsa jiki a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so ma ba mu kusa ba tukuna. Amma ƙafa da hannu in suka yi ƙarfi, aiki ɗaya ba ya cin iska kamar da.

Gobe muna da asibiti, za a yi mata gwajin tafiyar minti 6 a gwada da na baya. Ina so in tambayi likitar inda za mu riƙa takawa idan damina ta sauka layinmu ya cika da taɓo.