Jiki ya yi barci, hankali ya tsaya a farke

Yawancin masu son shiga mafarki cikin sani, wato mutum ya san mafarki yake yi alhali yana cikinsa, suna gwadawa ne a lokacin da bai dace ba. Mutum ya kwanta ƙarfe goma na dare, ya miƙe ɗoɗar yana jiran abin ya zo, sai ko dai barci ya sace shi bai sani ba, ko ya kwana juyi. Dalilin yana cikin tsarin barcin ne. Barci zagaye-zagaye yake tafiya, kowane zagaye kimanin minti 90, kuma farkon dare barci mai nauyi ne ya fi yawa. Matakin da ido ke kai-komo a ƙarƙashin fatarsa, wanda masu bincike Aserinsky da Kleitman suka gano a Chicago a 1953, shi ne mazaunin mafarkai masu kama da gaske, kuma can wajen asuba yake tsawaita. A farkon dare sai ka ratsa barci mai nauyi kafin ka kai gare shi. Da asuba kuwa taku ɗaya ne.

Shi ya sa nakan sa agogo ya tashe ni bayan barcin awa biyar ko shida. In zauna a bakin gado, ba fitila mai haske, ba waya. Wasu sukan zauna rabin awa ko fiye. Ni kaɗan ya ishe ni, don in na wartsake sosai barci guduna yake yi.

Sai in koma in kwanta yadda na saba, in saki jiki. Nan aikin yake, kuma aikin kusan rashin yin komai ne. Hankali na buƙatar ɗan abin riƙewa mara nauyi. Stephen LaBerge, wanda ya yi bincikensa kan mafarki cikin sani a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya koyar da ƙirga: ɗaya, mafarki nake yi, biyu, mafarki nake yi, haka har a tsallaka cikin mafarkin a farke. Ni na fi jin daɗin bin numfashi, ƙirga tana sa ni zama kamar mai gadi. Za ka ji ƙaiƙayi a kunci, za ka ji yawu ya taru. Masu cewa kada a motsa ko kaɗan sun tsananta. Haɗiye yawunka, sosa kuncinka, ka koma. Dambe da ƙaiƙayi ya fi sosawa korar barci.

Bayan haka duhun da ke bayan ido yakan fara motsi. Da farko ɗige-ɗigen haske, sai launuka masu narkewa, sai fuskar da ba ka sani ba ta leƙo ta ɓace, sai wani lungu ko bakin ruwa ya tsaya na ɗan lokaci. Kunne ma yana da nasa: ƙugi, rugugi, wani sa'in ka ji kamar an kira sunanka. Duk wannan al'adar ƙwaƙwalwa ce a bakin barci, kowa yana ratsa ta, sai dai yawanci ba a farke ba. Abin da na lura shi ne, da ka ƙura wa hoton ido sai ya watse. Kallon gefen ido yake so. Murna ma tana watsa shi, da zuciya ta buga ka ce "ga shi nan", ka dawo kan gado.

Wani lokaci dannau yakan shigo. A barcin mafarki ƙwaƙwalwa tana kashe ƙarfin tsokoki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. In hankali ya riski wannan a farke, sai ka ji an danne ka, ƙirji ya yi nauyi, har ka ji kamar akwai wani a ɗakin. Numfashi bai tsaya ba, kuma abin yana wucewa da kansa. In ya ishe ka, ka mai da hankali kan motsa yatsan ƙafa.

Ga wanda bai taɓa yi ba, ina ganin wata hanyar LaBerge ta fi sauƙi: bayan tashin asubar, ka tuna mafarkin da ka fito daga ciki, ka riƙa nanata wa kanka cewa in ka sake mafarki za ka gane, sannan ka bar barci ya ɗauke ka. A binciken Denholm Aspy na Jami'ar Adelaide a Ostireliya, 2017, waɗanda barci ya ɗauke cikin minti biyar bayan haka sun dace a kusan kashi 46 cikin ɗari na gwajinsu. Mai fama da rashin barci dai ya haƙura da duka biyun, katse barci ba zai yi masa kyau ba.

Tsallakawar kanta sau da yawa ba ta da wata alama. Sai ka ga kana kwance a ɗakinka, komai daidai, ka ɗauka abin bai yiwu ba, ka tashi. Kafin ka yanke hukunci, toshe hancinka da yatsu ka ja numfashi. In iska ta shiga, mafarki kake yi. Sai ka murza tafukan hannunka, ka taɓa bango ka ji sanyinsa, ka buɗe ƙofa a hankali ka fita.