Firizar Alhaji da fankar da hadari ya karya a Dadin Kowa

Ina shekara ta uku da buɗe shagon haɗa sola a Gombe wani Alhaji dillalin kifi ya kira ni Dadin Kowa. Yana da babban kwalekwale mai inji, yaransa kan shiga dam da shi su kwana biyu suna sayen tarwaɗa da karfasa a hannun masunta, kafin su dawo gaɓa wani kifin ya fara wari. Firiza yake so a cikin jirgin. Na ce, "Alhaji, wannan ai ƙaramin aiki ne." Bakina ne ya ja min.

A bayan kwalin waya na yi lissafin. Firizar wat 100 take ci idan injinta na juyawa, na ƙiyasta mata awa 8 a yini, wato wat-awa 800. Na sa faifan sola biyu masu wat 150 kowanne. Ranar Gombe takan ba da kamar awa biyar na ƙarfin gaske, idan aka cire asarar zafi da ta waya, abin da ke shiga batir bai wuce wat-awa 1,000 ba. Batura biyu masu am 200. A takarda har da rara. Sannan na ƙara fankar iska, wadda iska ke juyawa ta samar da wuta, mai wat 400 a kan bututun ƙarfe a bayan jirgin, don na sha kallon ta a YouTube a jiragen Turawa masu yawo a teku, kuma gaskiya ina son a ce ni na fara kawo ta garin.

Ranar da muke ɗaura ta wani tsohon masunci yana gefe yana ɗinkin koma. Ya ɗaga kai ya dube ta ya ce, "Ɗana, iskar da kake ɗana wa tarkon nan, sai da hadari take zuwa." Na ce, "Baba, ai ta zamani ce, ko kaɗan ta samu tana kamawa." Bai ƙara cewa komai ba.

Tana juyawa kam, har yara na taruwa kallo. Amma juyawa daban, caji daban. Wat 400 ɗin da ke jikin kwali sai iska ta kai gudun kusan mita 12 a daƙiƙa ake samun sa, ƙarfin iska kuwa ba ya tafiya daidai da gudunta: gudu ya ninka biyu, ƙarfi ya ninka takwas. Haka in ya sauka. Iskar mita 4, wadda za ta kaɗa maka riga ka ji daɗi, kashi ɗaya cikin 27 take bayarwa, wajen wat 15. Da na sa mitar awon wuta na gani da idona sai da na zauna a bakin jirgin.

Firizar ita ma ta ƙi bin lissafina. A watan Afrilu, ƙarƙashin rumfar kwano, ana ta buɗe ta ana zuba kifi mai ɗumi, injinta kan yi awa 16 bai huta ba. Kullum ana cire 1,600 ana mayar da 1,000. Baturan ba su taɓa cika ba ko sau ɗaya, kuma nan ne abin da ya fi tsaya min a rai. Batirin dalma, irin wanda na sa, yunwa ce ke kashe shi. Cikakke, idan ya huta, bolt 12.7 yake nunawa. Ya sauka 12.1 ya kai rabi, bai kamata a wuce nan ba. Idan ya daɗe a ƙasa, wani farin abu kamar gishiri yana daskarewa a farantansa, ba ya sake narkewa. Daga nan sai ya koyi ƙarya: rana na fitowa mita ta haura 14 kamar ya ƙoshi, magariba na yi ya faɗi warwas. Yaran Alhaji suna ganin koriyar fitila suna cewa ya cika.

Wannan ƙaryar ce ta ci fankar. Na haɗa ta ne da kwantirola irin ta sola, wadda aikinta in ta ga batir ya cika ta yanke. Faifan sola ka yanke shi, zamansa yake yi. Fanka kuwa nauyin cajin ne burkinta, shi ya sa ake sa mata kwantirola mai karkatar da rarar wuta zuwa wani abin da zai ƙone ta. Hadarin farkon damina ya taso da yamma, mita ta haura, kwantirola ta yanke, fanka ta samu sake. Yaran sun ce kukanta kamar na babur. Fiffike ɗaya ya tafi cikin ruwa.

Alhaji bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Injiniya, yanzu ya za a yi?" Da zagi ya yi da ya fi min sauƙi. Batura biyu na biya daga aljihuna. Muka sauke firizar zuwa rumfa a gaɓa, faifai huɗu a kan rufi, tana daskarar da ruwa a jarkoki, jirgi na tafiya da ƙanƙara a kula. A jirgin ƙaramin batir kawai na bari don fitila da cajin waya, dabam da na tayar da inji.

Bara wani likitan dabbobi a Bauchi ya kawo min bas ɗin da ya mayar ɗakin kwana, yana bin rugage da ita, da ƙaramin firij na allurai. Shi ma ya tambayi fanka, na ba shi labarin Dadin Kowa. Batirin litiyam muka sa, wanda bai damu da zama a rabi ba, yana kuma samun caji daga injin motar idan ana tafiya. Rigimarmu ɗaya: shi inuwar darbejiya yake so ya yi fakin, faifai kuwa inuwar reshe ɗaya ma tana karya musu ƙarfi. Sai na bar ɗaya ba a ɗaure ba, da waya mai kauri mita goma, yaronsa ya riƙa fitar da shi rana yana goge masa ƙurar hunturu da jiƙaƙƙen tsumma kowace safiya.